Darma Ba Ta Ƙara

Ran Asabar, tun rana ba ta leƙo tsaunukan Montana ba,
babana Orval zai tada tsohuwar akori-kura,
bokiti uku a baya suna kaɗa wa juna ganga,
ni a gefe, 'yar shekara tara, riƙe da filaya.

Shagon Dwight mai taya muke fara tsayawa.
Ba a zuwa hannu rabbana,
akwai biskit ɗin da mama ta gasa.
Sai a taɓa hirar fari da farashin shanu
kamar babu abin da ya kawo mu.
Can Dwight zai nuna lungu da haɓa,
inda 'yan ƙarafan daidaita taya
suke kwance cikin baƙin mai da guntun sigari.

"Lorna, saki a siminti ki ji."
Na saki. Wannan ya ce ƙil, wancan ya ce ɗif.
"Mai surutun nan tutiya ce, wurgar.
Darma ba ta ƙara.
Abin da ke da nauyi bai cika magana ba."

Mun kwaso ta daga rufin coci da ake gyara,
mun karɓi bututun wani mai famfo daga hannun matar da ya bari,
ta ce mu ɗauke, ganinsu yana hana ta barci.
Idan kogi ya janye, mu bi gaɓa
muna tsintar nauyin da masunta suka bar wa duwatsu.

A bayan gareji yake narkawa, iska a ƙeyarsa,
ni kuwa an ja mini layi da alli, ban isa in tsallake ba.
Datti ya taso sama, ya kwashe da ludayi,
sai ga fuskar tukunya tas, kamar wata ya faɗo ciki.
Tandar kek ɗin mama ya sace ya mai da ita mazubi,
darma ta riƙa fitowa kamar masa
wadda babu haƙorin da zai iya mata.
Mama ba ta yafe tandar ba har ta mutu.
Dokarta ɗaya: rigar aiki a waje, sabulu sau biyu.

Harsashi ɗaya, barewa ɗaya, naman hunturu ya samu.
Sauran duk tudun bayan gida ne ya haɗiye.

Shekaru suka ja. Bokiti uku suka koma rabi.
Dwight ya sayar da shago, yaran da suka gada ba su san biskit ba.
Baba ya zube abin da ya samo a siminti,
ƙil, ƙil, ƙil.
Ya ce, "Duniya ta koma tutiya."

Sai ya ɗauki shebur da rariya ya nufi tudu
ya je karɓo bashin shekara arba'in.
Ƙasa ta biya shi a lanƙwashe, a tauye, da tsakuwa a jiki.
Cikinsu akwai wani ƙato, ba na bindigarsa ba,
na ƙanensa Nils ne, wanda ƙanƙarar tafki ta buɗe ta rufe.
Ya juya shi, ya goge da babban yatsa.
Wannan bai shiga bokiti ba.

Bara muka binne shi, ana zuba dusar ƙanƙara.
A gareji na ƙirga masa ɗari biyu da sha ɗaya,
kowace da rubutun ƙusa a bayanta:
coci, Dwight, kogi, tudu, tudu, tudu.
Ni ba na farauta.
Wani saurayi ya zo da sikeli, ya biya, ya yi godiya,
motarsa ta fita tana jan gindi.

Da zan ba da rigar sanyinsa, na ji aljihu ya rinjaya.
Na zaro, na tsaya inda layin alli yake a da,
na buɗe hannu.
Ɗif.
Ɗana ya leƙo yana tambaya mene ne ya faɗi.
Na ce ya tsaya daga nan,
in na wanke hannu zan gaya masa.